Na Yi Wa Ƙawata Kara, Na Tozarta Ɗana a Gaban 'Yan Kallo

Assalamu alaikum Anti Hamdatu,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Lahadin makon gobe. Na yi ɓarin da ban san ta inda zan fara kwashewa ba, kuma ba ni da fuskar da zan kai maganar gaban wanda ya san ni. Ki ɓoye sunana.

Ni 'yar Bichi ce, na daɗe a Dagenham ina aikin jinya. Maganar ta ɗan farina ce, wanda yake shekarar ƙarshe a wata jami'a a nan London. Yaron Allah ya ba shi jiki, tun yana firamare muke shan wahalar samo masa takalmi. Da ya shiga jami'a sai ya faɗa ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana ture-ture a kan ƙwallo mai kama da gwanda. Da farko cewa na yi wannan ai kokawa ce aka ɗinka wa riga. Shi aikinsa ba jifa ba ne, ba gudu ba ne. Su biyar ne ƙarti suke jeruwa a gaba kamar katanga, su tare abokan karawa don kada su cim ma mai jifa kafin ya saki ƙwallon. Nawa ne a ƙarshen hagu. Kusa da shi kuma Abdul-Razak ne, ɗan ƙawata Awabu, 'yar zangon Kumasi, wadda muka yi maƙwabtaka da ita a flat ɗin council, gidajen hayar gwamnati, lokacin da ban san kowa ba a ƙasar nan. Ita ce ta kai ni asibiti da naƙudar yaron nan.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: wasan ya shiga raina. Nakan je fili in tsaya can baya da lemata cikin sanyi, kamar wadda ta zo rakiya. In an turo bidiyon wasa, a lokacin break a wurin aiki nake kallo, in mayar baya in sake, idona a kan mutum ɗaya. Amma ban taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. Kin san tarbiyyarmu. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yabonsa, in kuma ya yi faɗa da ɗan wani, naka kake tsawatarwa. Ni ma 'yar fari ce, har Innata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. A filin wasa sauran iyaye suna ta kiran sunayen 'ya'yansu har muryarsu ta dishe, ni kuwa in aka tambaye ni wanne ne nawa, da haɓa nake nunawa.

To bana katangar ta koma zana. Wasa bayan wasa ana kayar da mai jifa, yaro ɗan siriri abin tausayi, har ya fara tsorata yana yar da ƙwallo ko'ina. Muna da group na magoya baya a waya: iyaye, tsofaffin 'yan wasa, da wasu da ban san abin da ya haɗa su da jami'ar ba sai surutu. Duk Lahadi da yamma sai majalisa ta zauna. Wannan ya ce coach ne bai iya tsari ba, wancan ya ce yaran ba sa zuwa gym, wani ya ce ƙafafunsu sun yi nauyi, wani dattijo da ya bar fili tun kafin a haifi yaran ya ce a zamaninsu ko iska ba ta wucewa. Kin san ɗan kallo ba a taɓa kayar da shi. Ni dai karantawa nake, ba na sa baki.

Makon jiya aka yi mana cin kaca. Da yamma sai suka taru a kan Abdul-Razak. Suka yanko bidiyo, suka zagaye shi da jan layi, wani ya ce ƙofa ce da ba mai gadi, wani ya ce a ajiye shi kawai a huta. Awabu tana cikin group ɗin, ina ganin alamar tana karantawa. Tausayinta ya kama ni, sai na yi abin da aka koya mini. Na rubuta da Turanci cewa a daina ɗora wa Abdul-Razak laifi, ramin a ƙarshen hagu yake, nawa ne mai nauyin jiki da lalaci, tun yana yaro sai an tura shi yake motsi, ni uwarsa na fi kowa sani. Har da alamar dariya na sa.

Anti, da a tsakar gida a Bichi na faɗi haka, kowace mace ta san kara na yi. Wata za ta ce haba, kar ki ce haka, yaron kirki, a yi dariya, wuta ta mutu. Wallahi zama na yi da waya a hannu ina jiran mai cewa haka. Ba wanda ya ce. Ɗauka suka yi shaida na bayar. Suka saki Abdul-Razak suka koma kan nawa, kowa yana cewa ai ga shi har uwarsa ta faɗa. Wani ya yi screenshot, hoton rubutun ya isa group ɗin 'yan wasan, daga nan ya fita shafin da ɗalibai suke barkwanci. Har 'yan jami'ar da za su kara da su sun samu, suna turo masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ƙarya na yi. Na kalli bidiyon fiye da duk masu surutun. Na ga yadda nawa yake karkata dama yana taya Abdul-Razak, mutum biyu yake riƙewa shi kaɗai, shi ya sa wani lokacin wanda aka ba shi ya tare yake kuɓuce masa. Daga baya 'yata Zarah, ƙanwarsa, ta gaya mini dalili: Abdul-Razak yana fama da ciwon kafaɗa yana ɓoyewa, don kada a ajiye shi a shekararsa ta ƙarshe, nawa kuma ya yi alkawarin rufa masa asiri. Ko Awabu ba ta sani ba.

Yaron nawa bai yi mini rashin kunya ba, da ma ya yi. Ya zo gida ranar Alhamis ɗaukar wankinsa, na zuba masa dambun shinkafar da yake so, ya ce ya ƙoshi. Na yi masa magana da Hausa ya amsa da Turanci kamar kullum, amma a gajarce, idonsa a ƙasa. A bakin ƙofa ne ya ce ya daɗe yana zaton ba na alfahari da shi, yanzu ya samu a rubuce. Na tsaya kamar an dasa ni har ya sauka ya tafi.

Lahadin makon gobe ne wasansu na ƙarshe a filin jami'arsu. Al'adar ƙungiyar, kafin a fara wasa ana kiran sunan duk ɗalibi mai fita, ya tako tsakiyar fili tare da mahaifiyarsa ko wani nasa. Jiya Awabu ta kira ni tana ta kame-kame. Ashe nawa ya je gidanta ya roƙe ta ta raka su su biyu, shi da Abdul-Razak, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Da Hausarta ta zango ta ce mini, “Hajiya, ni ba na iya ɗauki wurinka, amma yaro ya yi kuka cikin kitchen nawa.” Ba ta ba shi amsa ba, ni take jira.

Abbansu ya ce in share, yaro ne zai huce, kuma ina aka taɓa ganin uwa ta ba ɗa haƙuri. Zarah ta ce in koma group ɗin in faɗi gaskiya duka, amma in na yi haka na tona Abdul-Razak. Ni ko buɗe group ɗin na kasa. Ranar Juma'a ban je masallacin Regent's Park ba, don kada in haɗu da matan da na san 'ya'yansu sun gani. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, ta ɗana, ta Awabu, har ta kaina. In ce wa Awabu ta ƙi? In je filin ko in zauna a gida? Ya zan yi yaron nan ya gane ba ƙinsa nake ba?

Taki,
Uwar Ɗan Fari, Dagenham

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Ki kwantar da hankalinki, abin da ya ɓaci mai gyaruwa ne, amma ba zai gyaru da shiru ba.

Niyyarki ba mummuna ba ce. Kin ga an taru a kan ɗan matar da ta tsaya miki ranar da ba ki da kowa, kika shiga tsakani, wannan halin girma ne. Sai dai kara yare ce, sai da masu jinta ake yi, ke kuma kin yi ta a kasuwar da ba wanda ya san ta. Kuma ki yarda kin zarce. Da cewa kika yi yaran duka namu ne, a yi musu uzuri, da ya wadatar. Ke kuwa har lalacin yarinta kika tono.

Akwai abin da muke mantawa game da kunyar ɗan fari. A gida al'adar ƙafa biyu gare ta. Uwa tana kawar da kai, amma ga kaka tana yi masa kirari, ga goggo tana goya shi, ga kawu yana yabonsa a gaban mutane, yaro ya tashi ya san shirun uwarsa so ne. Ke na tabbata kin samu masu yi miki haka a Bichi. Shi wa ya samu a Dagenham? Mun ɗauko shirun mun shigo da shi jirgi, mun baro masu yabon a gida. Don haka kada ki ga laifinsa da ya fassara abin yadda ya gani.

Ki je wurinsa da ƙafarki, inda yake zaune, kada ki aika a kira shi. Kada kuma ki fara da bayanin al'ada, zai ji kamar kare kanki kike. Ki fara da cewa kin yi kuskure, abin da kika rubuta ba gaskiya ba ne, ya yafe miki. Abbansu ya yi haƙuri, a nan ban goyi bayansa ba. Girman uwa ba ya zubewa don ta ba da haƙuri a inda ta ɓata. Bayan nan ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa kina kallon bidiyonsa a wurin aiki, kina mayarwa baya, kin ga yana riƙe mutum biyu. Ni baƙuwa na san wannan, shi mai abin bai sani ba, ai kin ga akwai gyara. Maganar Innarki da al'ada ta biyo daga baya, in ya nemi ji.

Group kuwa, sai da izininsa. In ya yarda, layi biyu sun isa: kin yi wasa da abin da bai kamata ba, kin janye, kina alfahari da ɗanki. Kada ki ambaci Abdul-Razak. Amma kafaɗar nan ba abin rufa-rufa ba ce, ke ma'aikaciyar jinya ce kin fi ni sani. Ki gaya wa ɗanki ba za ki iya yin shiru a kanta ba, ki ba Abdul-Razak dama ya faɗa wa uwarsa da kansa a duba shi kafin wasan. In ya ƙi, ke ki faɗa mata.

Kada ki ce wa Awabu ta ƙi. In kika yi haka kin rufe masa ƙofar da ya samu ya yi kuka, kuma zai gane daga ina abin ya fito. Ki gode mata, ki ce ta bar zaɓin a hannunsa. Kada kuma ki ba shi haƙuri da sharaɗin ya fasa, ko maganar rakiyar ma kada ki tayar. Fita tsakiyar fili abu ne na ɗan lokaci, abin da kike nema ya dawo shi ne ɗanki.

Ranar Lahadi ki je. In ke ya miƙa wa hannu, alhamdu lillahi. In Awabu ya zaɓa, ki tsaya a sahun gaba inda zai gan ki, ki tafa masa har hannunki ya yi zafi. Zai yi miki ciwo, na sani, amma shi ma a gaban mutanen nan ya shanye nasa bai rama ba.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya daidaita tsakaninku, ya ba Abdul-Razak lafiya.

Taki,
Anti Hamdatu