Launin da Mama Ke Gani

Samaru, Zariya,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Obadiah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Sharon da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfi a aikin asibitin da ba ya barinka ka huta, ya tsare ku daga sanyin Ingila da muke jin labarinsa. Mu nan sai godiya. Maigidana Nelson yana nan yana fama da shanun wurin aikinsu a Shika, kullum sai ya shigo mini gida da warin garke. Yaran ajina sun fara shirin jarrabawa. Kawu Albert ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya koma cikin mawaƙa yana ɓata musu murya kamar yadda ya saba. Gwaibar da marigayi Baba ya shuka a tsakar gida ta yi 'ya'ya bana har reshe ɗaya ya karye.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali kusan kowace Lahadi muna waya. Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai aya. Da na fara magana sai ka ce in saurara, in na saurara kuma sai lokacin aikinka ya yi. Takarda kuwa ba a katse ta. Don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe, domin maganar Mama ce, da shawarar da kai da Yaya Dorkas kuka yanke cewa bayan Kirsimeti za a kulle gidan nan a kai ta Abuja.

Ban ga laifinku ba da kuka tsorata. Ni ce na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune a lungun da ke tsakanin ɗakuna, jini ya bushe mata a goshi, bayan ta yi tuntuɓe da ɗan dakalin ƙofar kicin. Ni na riƙe mata hannu aka yi ɗinki. Kuma ni likita ya gaya wa cewa ko da yake an cire yanar idon bara, hawan jinin ido ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare ragowar da magani. To amma ba ku ga abin da na gani ba tun ranar da Yaya Dorkas ta faɗa mata maganar Abuja. Mama ta rage cin abinci. Matar da ke yi mini faɗa a kan gishirin miya, sai ga shi na zuba har biyu ba ta ce uffan ba. Da na matsa mata, ta ce a gidan nan ta san kowane bango da tafin hannunta, 'yan zumuntar mata kuma suna leƙo ta, amma a bene hawa na uku za ta zama kamar buhun masara da aka jingine. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma yi kuka a hanyar komawa gida.

Ka tuna ka ce a cika gidan da manyan ƙwayayen lantarki farare, don lungun nan duhu gare shi ko da rana tsaka. Mun sa, Nelson da kansa ya ɗaura. Abin ya ƙara lalacewa. Mama ta ce ji take kamar an watsa mata garin rogo a fuska, ko'ina fari fat, babu ƙofa babu bango. Kwana biyu ta yi ta ce a kashe. Ban faɗa maka a lokacin ba don na san za ka ce ai ka gani, ba sauran dabara.

Dabarar kuwa a coci na tsinto ta. Wata Lahadi na tsaya a bakin ƙofa ina gaisawa da matar Fasto, hannun Mama ya suɓuce mini. Ina waigawa sai na hango ta ta bi tsakiyar hanya ita kaɗai, ta wuce benci bakwai, ta juya dama, ta zauna daidai wurin da ta shekara arba'in tana zama. Bayan an tashi na tambaye ta yadda ta yi. Sai ta yi mini kallon marar wayo, ta ce ashe ban ga tagar ba? Ka san tagar nan mai gilashi launin ruwan ɗorawa da ke saitin bencinsu. Ta ce fuskokin mutane sun ɓace mata, rubutun allo ya ɓace, amma wannan launin yana nan yana kiranta, in ya zo daidai kafaɗarta ta dama ta san ta iso. Ranar ban ji komai ba a hanya, kaina yana can wajen lungun gidanmu. Na ce a raina, in launi ɗaya zai kai ta benci, launi uku ko huɗu za su kai ta ɗaki da bayi da kicin.

Yanzu bari in faɗa maka wautar da na yi, tun kafin Yaya Dorkas ta riga ni. Washegari na garzaya Sabon Gari ni kaɗai, na shiga wani shagon kayan ƙawata gida. Na ga fitilu masu hular gilashi launi-launi, irin wanda ake haɗa gutsattsarinsa da dalma kamar tagar coci. Idona ya faɗa kan wata shuɗiya mai ratsin shunayya, da zanen furanni ƙanana. Yaya, fitilar nan ta yi kyau, har yau ban fasa cewa ta yi kyau ba. Na rungumo ta a cikin Keke Napep kamar jaririya, na kawo, na ajiye a kan tebur, na kunna, na kira Mama. Ta zo ta tsaya a gabanta, tana jira. Can sai ta tambaye ni ko an ɗauke wuta ne. Ashe shuɗi yana cikin abin da ya tafi. Na zaɓo da idona, alhali ba idona ne zai yi aiki da ita ba. Mama ta shafa hular, ta ce aƙalla ta yi santsi, in ajiye, wata rana za ta yi amfani.

Matar Fasto ce ta haɗa ni da wanda ya gyara tagogin coci shekara biyu da suka wuce, wani mai yankan gilashi da madubi, sunansa Damilare. Haifaffen Muchia ne, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Wannan karon na ɗauki Mama da kanta. Da na bayyana masa abin da nake so, sai ya rufe ƙofar shagon, ya yane tagar da bargo, ya kunna ƙwai guda, ya jawo akwatin da yake tara ragowar gilashi. Yana ɗaga guda a gaban hasken, Mama tana faɗin abin da ta gani. Da ka ga Mama ranar nan! Ta gyara zama kamar tana zaɓen tumatir a kasuwa. Wannan ta ce babu, wancan ta ce toka ne, wani ta ce ya cika ƙara. Ruwan ɗorawa ta gane shi nan take. Ja ma ta gane, amma mai haske, ba mai duhu ba. Kore sai da aka gwada kala biyar kafin aka samu wani mai kama da sabon ganyen latas. Ruwan goro kuma ta ce tana bambance shi da ja muddin ba a jera su kusa ba. Mun fi awa biyu, ba ta nuna gajiya ba, da muka fito ma ta ce in saya mata tsire.

Sai da muka ɗan yi ja-in-ja da Damilare. Shi mai sana'a ne, yana so ya nuna hannunsa. Ya zana mana ɗawisu da wutsiyarsa, ya ce wannan ce fitilar da za ta sa baƙi su tambayi wanda ya yi. Da muka gwada haɗa ƙananan launuka a gaban hasken, Mama ta ce duk sun cakuɗe mata kamar ruwan wanke-wanke. Na ce masa kowace fitila launi ɗaya, manyan yanka, ba fure ba tsuntsu. Ya ce to ai wannan ba ado ba ne, fitilar kan titi ce. Na ce ita nake nema. Ya yi dariya ya ce malaman makaranta ba a iya musu. Amma mutumin kirki ne. Shi ya ba da shawarar a sa ƙwai mai caji a ciki, wanda ke ci gaba da haske ko an ɗauke wuta, shi ya kuma ce kada a rataye su sama, a ɗora su daidai kafaɗarta, tunda ta nan take kama haske. Bayan mako biyu ya kawo su da kansa. Ruwan ɗorawa a ƙofar ɗakinta, kore a ƙofar bayi, ja a ƙofar kicin, ruwan goro a falo kusa da kujerarta. Ɗan dakalin da ya kayar da ita kuwa Nelson ya fasa shi, ya shafe wurin da siminti.

Akwai abin da ya faru wanda ba zan ɓoye maka ba. Makon jiya Yaya Dorkas ta zo ta kwana biyu. Ka san ta da gyara, ko gidan wani ta shiga sai ta juya kujeru. Ina makaranta ta share gida, ta ga wai jar fitilar ta fi dacewa da labulen ƙofar bayi, sai ta musanya ta da koren. Mama ta fito za ta kewaya, ta bi kore kamar yadda ta saba, sai ta tsinci kanta a gaban murhu, ga tukunyar ruwan zafi a kai. Allah ya tsare, ɗumin ne ya tsayar da ita. Da na dawo na ji, mun yi faɗa da Yaya Dorkas irin wanda ba mu yi ba tun muna yara. Ita ta ce wannan ya nuna dabarar tawa ba ta da tabbas. Ni na ce ya nuna Mama tana bin launin ne da gaske, ba a bakin sa'a ba. Daga baya na ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, domin yayata ce, amma ban janye maganata ba. Washegari Damilare ya zo ya ɗaure kowace fitila a bango da ƙusa mai murɗi. Yanzu sai wanda ya zo da guduma zai iya motsa su.

Kafin Yaya Dorkas ta tafi, Mama ta ce mata ta zauna a falo kada ta motsa. Ta tashi daga kujerarta, ta bi lungu ba sanda ba dafa bango, ta shiga kicin, ta zubo kunun gyaɗa a kofi, ta kawo mata ko ɗigo bai zuba ba. Yaya Dorkas ta karɓa, na ga ta daɗe tana kallon cikin kofin kafin ta sha. Ka tambaye ta, in na ƙara gishiri ta gaya maka.

Ba na cewa Mama ba za ta sake faɗuwa ba. Tsufa ne, a Abuja ma ana faɗuwa, har da matakala. Ni ce a kusa, kowace rana ina nan daga ƙarfe biyu, 'yan zumunta kuma sun raba safiya a tsakaninsu. Ranar da na ga abin ya fi ƙarfinmu, ni da bakina zan kira ka in ce a zo a ɗauke ta. Amma ba yanzu ba, kuma ba ta waya ba. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan, balle uwa. Makullin gidan nan yana hannuna, kuma ina gaya maka cikin ladabi, a matsayina na ƙanwarka, ba zan miƙa shi ba sai ka zo ka tsaya a lungun nan ka ga yadda take tafiya. In ka gani ka ce har yanzu Abuja, sai mu zauna mu huɗu da ita a yi magana. Shekara bakwai ke nan rabonka da gida, Yaya. Kana ƙoƙari, ba abin da ka rage mu da shi, amma zumunta a ƙafa take.

Ka gaida mini Anti Sharon da kyau, ka ce mata rigar sanyin da ta aiko ta yi wa Mama daidai. Ka shafa mini kan Wisdom da Peculiar, ka ce musu gwaiba tana jiransu. Nelson yana gaishe ka, Kawu Albert ma haka, da Gwaggo Scholastica daga Jama'a, wadda ta ce in tuna maka har yanzu tana da hoton baftismarka.

Na tambayi Mama abin da zan rubuta maka daga gare ta. Ta ce in gaya maka tana cin abinci, tana yi maka addu'a safe da yamma. Sai kuma ta tambaye ni ina shuɗiyar fitilar nan da na sayo da farko. Na ce tana cikin kwali, ina neman wanda zan ba. Ta ce kada in bayar. Ta sa Nelson ya ɗaura ta a ƙofar tsohon ɗakinka, wanda har yau take sa a share. Na tuna mata cewa ai ba ta ganin shuɗi. Ta ce ta sani, mai ɗakin ma ai ba ta ganinsa, sai su zauna tare. Ta hana a kunna ta. Ta ce ranar da ka zo ka kunna da hannunka, ka tsaya a ƙarƙashinta ka yi magana, ita kuma za ta bi muryar ta same ka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka mai taurin kai,
Ƙauna Jatau.