Hotunan Ƙwarin Kududdufi Da Na Rusa Aminina Da Su

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan fili da dukkan masu karatu, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Don Allah a sakaya sunana. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don babu abin da za ku ce mini wanda ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne, shagona yana wajen Ƙofar Kwaya a Katsina. Ina da amini tun muna firamare, bari in kira shi Malam Isiyaku. Ya yi aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, da ya yi ritaya sai ya sayi wani tsohon madubin likita, irin wanda ake leƙawa a ga abin da ido ba ya gani. Kullum da safe zai tafi kududdufin bayan Ƙofar Durɓi da kwalabe, ya ɗebo ruwa mai gansakuka, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya zauna a zaure yana leƙe har azahar. Daga baya ya haɗa kyamara da bakin madubin da guntun bututun roba yana ɗaukar hoto, ni nake wanke mashi fim. Akwai ƙwaro mai siffar silifa da gashi zagaye da shi, akwai wani kamar ƙuma wanda kana ganin zuciyarshi tana bugawa ta cikin jikinshi. Ranar da ya fara nuna mini, sai cewa yake in dubi ikon Allah. Na ce masha Allah. A raina kuwa cewa na yi, dattijo da furfura ya zauna yana wasa da ruwan kwata.

Da soja suka ce za su koma bariki aka buɗe siyasa, dattawan unguwarmu suka zauna suka ce Malam Isiyaku za su tsayar kansila. Shi bai ma nema ba. Ni kuwa na daɗe ina so. Da na ɗan taɓo maganar kaina, wani Alhaji ya yi dariya ya ce ni dai in shirya kyamara don ranar rantsuwa. Kowa ya yi dariya har da Isiyaku. Na san ba da mugunta ya yi ba, amma dariyarshi ce ta tsaya mini a wuya. Shekara arba'in shi ne mai ilimi, ni ne mai wanke hoto. Har yaushe?

A lokacin ne amai da gudawa suka shigo unguwa, ɗan wani maƙwabcinmu mahauci ya rasu. Na buɗe durowa na ɗauko fim ɗin Isiyaku, na zaɓi mafi muni, masu ƙahoni da ƙafafu barkatai, na wanke su girma ɗaya da waɗanda nake ba shi, don kada a bambanta. Na sa a ambulan na manta da ita da gangan a kan bencin mai shayi. Washegari na tarar ana ta miƙa su hannu zuwa hannu. Ban ce ya yi komai ba. Tambaya ɗaya na yi, a hankali: me mutum yake yi da kwalaben ƙwari cike da zaure, ga rijiyar unguwa a ƙofar gidanshi? Kafin kwana biyu tambayar ta zama ta kowa, ba wanda ya tuna bakin da ta fito. Ni kuma na sani sarai shi ne ya fara bin gida gida yana cewa a tafasa ruwa.

Ranar wata Laraba bayan la'asar mahaucin nan ya jawo matasa suka faɗa zauren. Suka farfasa kwalaben, suka ƙone gwangwanin da yake tara hotuna, wani ya ɗaga madubin ya maka da bango. Ina tsaye a cikin 'yan kallo. Na ga Isiyaku a durƙushe yana tsince gilasan yana zubawa a cikin hularshi, yara suna kiranshi mai tsutsa. Kun san me na ji? Daɗi na ji. Na koma gida na ci tuwo har da ƙari.

Da safe Isiyaku ya zo shago, idonshi ja. Ya tambaye ni yadda hotunan suka fita. Na nuna mashi durowa da kwaɗo, na ce fim bai taɓa barin nan ba. Sannan na rage murya na ce, "Malam, ka binciki gida."

Ya ce, "Hajara?" Matarshi ke nan.

Na ce ni ban kama suna ba, amma ta taɓa yi wa matata ƙorafin kwalaben nan. Gaskiya ne ta yi, sau ɗaya, cikin raha. Ya yi mini godiya ya tafi. Godiya fa ya yi mini.

Dattawa suka janye, aka tsayar da ni, na ci zaɓe. Shi kuwa ko a masallaci sai ka ga an bar gurbi tsakaninshi da na kusa da shi. A gida ya tsare Hajara da tambaya wata da watanni. Ta rantse, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa, bai yarda ba. Bayan an rantsar da gwamnatin farar hula da 'yan makonni ya sake ta saki ɗaya, auren shekara ashirin da shida. Tana gidan yayanta yanzu. Matata ta je gaishe ta, ta dawo tana kuka, ta ce Hajara ta rame, abin da take ta nanatawa kawai shi ne Allah Ya isa tsakaninta da wanda ya fitar da hotunan. Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Har yanzu Isiyaku yana zuwa wurina, don ni kaɗai nake amsa gaisuwarshi da sakin fuska. Wani lokaci in bar shi a benci awa guda ina ganin 'yan siyasa, ina kallonshi ta taga, kuma ba zan ce muku ban ji daɗin hakan ba. Wane irin mutum ne ni?

Makon jiya ya kawo wani fim da ya rage a cikin kyamara tun kafin abin ya faru. Ya ce in wanke in ajiye a wurina, shi ba zai iya kallo ba. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Kai kaɗai ka rage mini, mutumina." Na wanke. Duk ƙwarin ruwa ne, sai na ƙarshe. Hajara ce a zaure, ta duƙa ta kanne ido ɗaya tana leƙa madubin tana dariya, riƙe da kwalbar ruwan a hannunta. Ashe tare suke kallo. Shi ya sani, ya ɗauki hoton da hannunshi, amma ya ɗauki maganata ya bar tata.

Matata ta ce iddar Hajara saura kwana goma, kuma yayanta ya rantse in ta cika ba za ta koma ba. In na faɗi gaskiya, kujerata ta tafi, 'ya'yana ba za su iya ɗaga kai a unguwa ba, mahaucin nan kuma ni zai juyo wa, don da gawar ɗanshi na yi siyasa. In na yi shiru, babu mai sani har abada. Ba zan ɓoye muku ba, ina rubutun nan ne wani ɓangare na zuciyata yana fatan a samu mutum ɗaya a cikinku ya ce in yi istigfari in ja bakina. Isiyaku ya ce zai zo shago ranar Asabar. Jama'a, me zan yi?