Sababbin Ƙafafun Jirgin Muhyiddeen

Setapak, Kuala Lumpur
Ranar Lahadi

Zuwa ga Malam Halliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da mutanen Kurna. Da kunnenka yana jin waya da na huta da biro, to injin jirgi ya cinye shi, sai ka nemo tabarau, hoton takardar zan turo maka ta waya.

Hasna matar jikanka Muhyiddeen tana nan da cikinta, likita ya ce kowane lokaci daga yanzu. Ni da na zo wankan jego ga ni zaune a hawa na sha huɗu ina leƙen motoci. Ba wannan ya sa na rubuto ba, jikanka ne.

Ka san ƙaramin jirgin nan da Muhyiddeen yake wa aiki, mai kai magani wani ƙauye cikin daji. Filin saukarsu ciyawa ce da taɓo. Bara ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a can, Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Yanzu sun sayo wasu ƙafafu masu kauri, dogaye, da tayoyi kamar na tarakta, shi ya ɗaura su da hannunsa. Ran Laraba za a je gwajin sauka a wancan filin, ya ce da shi za a tafi. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi. Hasna ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina makan, kamar yadda suke cewa cin abinci a nan. Ya ce mata wai dokar kakansa ce: wanda ya ɗaure noti shi ke fara hawa.

Malam, ka gane dokar? Ni na ƙirƙire ta. Yana ɗan shekara bakwai ya ƙi cin tuwo, na ce masa kakansa duk jirgin da ya gyara sai ya shiga an yi sama da shi. Na ƙara da ranar da taya ta fashe kana ciki kana cin goro. Ni da kai mun san shekara talatin ka yi a gindin jirgi ba ka taɓa yarda an rufe ƙofa da kai ba, shi ya sa ni Hajiya kai har yau Malam.

Don Allah ka rubuto masa ka ce ka yafe masa dokar. Maganarka yake ji. Ka gaida Uwa maƙwabciya.

Taki mai rigima, au, taka,
Ɗelu

Kurna, Kano
Litinin

Zuwa ga Hajiya Ɗelu,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na gode. Allah ya sauki Hasna lafiya.

Ba zan yafe dokar da ban kafa ba. Idan na yi haka na ɗora ƙarya a kan ƙarya. Laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Ina zaure ina ji lokacin da kike ba shi labarin goron, kuma ya yi mini daɗi, shi ya sa shekara ashirin ban gyara ba. Amma bakinki ya faɗa, bakinki ya kamata ya warware. Ki gaya masa ban taɓa hawa ba, tsoro nake ji, har gobe.

Sannan ki kai masa waɗannan, kada ki ƙara musu gishiri:

Na ɗaya, sababbin ƙafafun sun fi tsofaffin nauyi. An sake ɗora jirgin a sikeli bayan an gama, ko lissafi aka yi a takarda?

Na biyu, tunda sun fi tsawo, tiyon birki tsohon ne ko sabo? Ya ɗaga jirgin a jak, ya bar ƙafar ta saki gaba ɗaya, ya sa yatsa ya taɓa tiyon. Idan ya miƙe kamar tsirkiya, ranar da jirgin ya yi tsalle a taɓo zai tsinke.

Na uku, kowane noti wani ya bi bayansa ya duba, ba shi da ya ɗaure ba.

Wannan ita ce dokata ta gaskiya. Ba ta da daɗin ba wa yaro labari.

Wassalam,
Halliru

Setapak
Laraba

Malam,

Ina gaisuwa. Ba su tashi yau ba, kada ka yi murna tukuna.

Jiya da la'asar na ce ya kai ni bakin tafkin Titiwangsa in miƙe ƙafa. Sau biyu muna zagaya ruwan ina ta zancen tsadar albasa a kasuwar Chow Kit. A na uku gwiwata ta ƙi, muka zauna. Na ce masa, mijina, yau zan ba ka labari wanda ba ƙari a ciki. Ya yi dariya ya ce ashe duniya ta zo ƙarshe. Na faɗa masa komai.

Da farko ya ɗauka tsokana ce, har ya ce in bari ya sayo mini shayi. Sai na miƙa masa wayar ya karanta rubutunka. Ya karanta sau biyu. Ya tambaye ni goron fa, na ce kai ko a ƙasa ba ka cin goro. Daga nan ya kira mota ya sa ni a ciki, shi ya wuce rumfar jirgin.

Sikeli sun yi, notuna an bi. Tiyon kuwa tsohon ne. Ya gaya wa Hasna, ba ni ba, cewa da suka ɗaga jirgin na hagun ya ɗame, ya gaza da kamar yatsa uku. Sun aika a kawo sabo, an ɗage tafiya zuwa Asabar.

Na zaci shike nan. Da safe na tare shi a ƙofa yana ɗaure takalmi, na ce tunda dokar ta bogi ce sai ya zauna kusa da matarsa. Bai ɗago ba. Ya ce shekara uku yana faɗa wa abokan aikinsa ita, har biyu sun ɗauka suna bi, matuƙin ma ya saba ganinsa a gefe.

"Kaka, yau da an tashi da tiyon nan, ni na sa hannu. In ban yarda na shiga ba, wa zan ce ya shiga?"

Hasna tana jinmu daga kicin. Ba ta yi kuka ba wannan karon, wanke-wanken da na riga na yi ta sake yi. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, na ninke kayan jariri har sun fara tsufa. Ka ce wani abu.

Ɗelu

Kurna
Alhamis

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ki bar shi ya je. Na rubuta masa daban na ba shi haƙuri, bai amsa ba tukuna. Abin da ni na kasa shi yana iyawa, ba zan hana shi ba. Ki zauna da Hasna, ki sa ta ci abinci, kuma kada ki ba ta labari ko ɗaya.

Zan yi azumi ran Asabar. Ki rubuto ko da layi biyu ne.

Halliru

Setapak
Asabar, bayan azahar

Malam,

Ina gaisuwa. Sun tashi ƙarfe takwas. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, kuma dajin ba ya kama waya sai an hau tudu. Sha ɗaya ta yi shiru, sha biyu ta yi shiru. Ni da Hasna muka sa wayarta a tsakiyar tabarma muna kallonta kamar za ta ƙyanƙyashe.

Ɗaya saura kwata hoto ya shigo. Taya ce ta nutse rabi cikin jan taɓo, ƙafar a tsaye ƙyam, ga takalminsa a gefe. Hasna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce tana jin yunwa. Ta cinye shinkafa faranti biyu. Haihuwa dai shiru har yanzu.

Ka sha ruwa da daɗin rai in rana ta faɗi. Muhyiddeen ya rubuto wa Hasna wai ta gaida Kaka Malam, ta ce masa tiyon ya riƙe. Ni na duba tawa wayar sau ba adadi, ba komai. In ya turo maka wani abu da sunana a ciki, ka sanar da ni.

Taka,
Ɗelu