Shafi na Goma Sha Huɗu

Anti Rhonda, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni malama ce a wata sakandare kusa da garin Katherine, kuma ni ke tsara littafin ƙarshen shekara na ɗalibai. Ran Juma'a za a kai shi maɗaba'a. Damuwata shafi na goma sha huɗu, na 'yan ajin ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu ta rasu a haɗarin mota watan jiya. Ba zan rubuta sunanta ba, kin san dangin uwarta ba sa ambaton sunan mamaci, ba sa kallon hotonsa.

Kakarta ta wajen uwa, Goggo Marlene, ta zo har ofis ta ce, "'Yata, ki bar ta ta huta, kada ki riƙa kiranta." Washegari sai ga mahaifinta Declan, shi Bature ne, idanu jawur, wai in na cire 'yarsa na sake binne ta ke nan. Shugaban makaranta kuwa, sarkin zamewa, ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Yarinyar ce ma mai ɗaukar mana hotuna duk shekarar nan, shi ya sa sau ɗaya tak ta fito, a hoton aji, tana tsakiya tana dariya. Na gwada share ta a kwamfuta, sai ga hannun ƙawarta rataye a iska. Na kashe na yi ta kuka. Ya zan yi?

Malama Mai Damuwa

Malama, Allah ya ba ku haƙuri. Kada ki sake share kowa.

Goggo Marlene ba taurin kai take yi ba. Littafin nan gidajen danginta zai shiga, yara su buɗe shi a gaban masu makoki. Declan kuma tsoronsa kada a manta da 'yarsa, wannan ma gaskiya ce.

Ki cire hoton ajin gaba ɗaya, ki jera na kowa ɗaiɗai. Ki je gidan kakar da ƙafarki, ba ta waya ba, ki tambaye ta ko a bar wa yarinyar gurbi ɗaya fari, ba hoto ba suna. In ta ƙi, ki bi maganarta. Maɗaba'a ta jira mako guda, ba abin da zai same ta.

Hoton ajin kuwa ki wanke babba, ki kai wa Declan hannu da hannu. Sannan ki buɗe masa littafin shafi-shafi, ki gaya masa wadda ta riƙe kyamarar. Duk fuskar da ke murmushi a ciki, 'yarsa take yi wa.

Allah ya sanyaya zukatanku.

Anti Rhonda