Kujerar Ango

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririnmu. Yaya jego?

Na sha ɗaukar waya ina ajiyewa. Kin san ni, sai a rubuce magana ke fitar mini daidai. Ƙaramin ɗana, wanda Inna ke kira Angonta, yana asibiti.

Za mu kai Inna awon ido ne. Na ba ta gidan gaba kamar kullum, don ba na iya zaunar da uwata a baya. Na ɗauko yaron zan sa shi a kujerarsa ta yara, sai ta miƙo hannu. Wai mijinta ba akuya ba ne da za a ɗaure shi, kuma mu bakwai a cinya ta raine mu, wa ya mutu? Muka yi dariya. Jakarta na ɗora a kujerar.

A mahaɗar hanya mai motar da ke gabana ya taka burki, na daki bayansa. Fitila ɗaya ce ta fashe, Auta. Amma jakar iskar nan da ke ɓoye a gaban mota ta fito da ƙara kamar bindiga, shi kuwa yana tsakaninta da ƙirjin Inna. An ce wuyansa ne. Inna ta goce a hannu. Ni ko ƙwarzane babu.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Yayanki.

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Saƙon ta'aziyyarki ya iso. Allah ya ba da lada, mun gode. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Likita ya ce mini an yi jakar iskar ne don ta tare ƙirjin babban mutum, kuma da yaron yana ɗaure a baya, da kuka kawai zai yi. Inna ba ta sani ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta nuna masa hannunta mai bandeji, ta ce da ba ta riƙe shi gam ba, da ta gilashi zai fita, ko gawa ba za mu samu cikakkiya ba. Da wannan take samun barci. Uwar yaron takan tashi ta shiga ɗaki idan an fara.

Yanzu kin ce kuna tafe. Inna ta ce da ita za a je tasha, a cinyarta sabon ango zai shigo gida. Na ce mata doka ta hana. Ta ce doka ta haifi nata. Na rubuta abin da zan faɗa mata, na soke, na sake rubutawa. Ban san wanda ya fi muni ba, in faɗa ko in yi shiru.

Allah ya kawo ku lafiya.

Yayanki.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Zan aiko wannan ta waya don ki karanta kafin ku taso.

Na faɗa mata. Da safe, tana kan darduma, na durƙusa na maimaita maganar likita yadda take. Na ce laifina ne, ni ne direba, ni na ɗora jaka a inda ya kamata ɗana ya zauna. Ba na jin ta ji wannan ɓangaren. Hannuwanta kawai take kallo. Can ta ce, «Ashe ni na miƙa shi.»

Ta fasa zuwa tasha. Matata, uwar Ango, ta wanke kujerar da kanta, ta shanya, ta ce a sa ɗanki. Na ɗaure kujerar a baya, na jijjiga, na kwance, na sake ɗaurewa. Ɗanki zai iso gida lafiya in Allah ya yarda.

Amma ki shirya. Jiya 'yar maƙwabta ta rarrafo ta kama zanen Inna, sai ta ɓoye hannuwanta a bayanta, ta kira a zo a ɗauke ta. Idan kin miƙa mata jaririn ta ƙi karɓa, kada ki yi fushi da ita. Ki yi da ni.

Sai kun iso.

Yayanki.