Takalmina a Cikin Nasu

Asabar, bayan isha'i.

Kaina ya ɗaure yau. Na je nunin da Hadiza, ɗiyar ƙanwata, ta shirya a wani babban zaure wajen Ƙofar Guga. Na ɗauka zane-zane zan gani a bango, ashe ɗakin gaba ɗaya shi ne aikin. An zuba yashi a ƙasa, an baza takalman mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa. Bango cike da fastocin 'yan siyasa, lasifika na ta maimaita alƙawuransu.

Da na ga takalma zube tun daga bakin ƙofa, sai na tuɓe nawa na ajiye cikinsu, yadda ake yi ko'ina.

Zan fita ke nan na tarar da wani dattijo tsugune gaban takalmina, yana shafa ɗinkin da aka yi mani makon jiya. Ya ce, "Allah ya jiƙan mai su. Bawan Allah ya sha tafiya." Na buɗe baki in yi mashi bayani, abin da ya fito shi ne "Amin."

Hadiza ta raɗa mani, "Kawu, ɗauki abinka mana." Na kasa. Silifas ɗin alwalar maigadin zauren na aro na dawo gida.

Har yanzu ban san ko nuni na je ko zaman makoki ba. Gobe sai in koma in ɗauko su. To amma in na ɗauke, tsohon nan wa ya yi wa addu'a?