Don Me Kuka Cire Wa Ɗan Adam Saurin Koyo?

Zuwa ga shugabannin kamfanin wasan Ƙasar Duwatsu Bakwai,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni dattijo ne mazaunin Kakuri, tsohon ma'aikacin masaƙa. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yamma na koyi rubutu, saboda haka ku yi haƙuri da hannuna. Tun da soja suka koma bariki aka ce kowa yana da bakin magana, ni ma ga nawa.

Zan fara da farin cikina. Jikata Hauwa, wadda nake kira amaryata, ta samu shiga jami'a, ita ce ta farko a zuriyata. Kafin ta tafi ta sa mini wasanku a waya, ta ce a nan za mu riƙa haɗuwa duk Asabar. Ƙungiyarmu mu biyar ce, shugabanmu Chinedu, ɗan wani makanike a Sabon Tasha. Da aka ce in zaɓi jinsi, na ga masu dogon kunne, na ga gajeru masu gemu, na ga dodanni. Na ce ni ɗan Adam Allah Ya yi ni, a haka zan shiga.

Ga kokena.

Na ɗaya: kowane jinsi da baiwarsa. Masu dogon kunne suna gani a duhu, dafi ba ya kama gajeru, dodo kuwa ƙarfi gare shi kamar tirela. Ɗan Adam abu guda kuka ba shi, wato saurin koyo. Da shi nake lallaɓawa ina bin yaran nan a matakan wasan, duk da yatsuna sun yi tauri. A gyaranku na baya-bayan nan kun cire shi, kun ce don a daidaita. Na san wannan kalma. Da ita aka fara mana magana a masaƙa kafin a rufe ƙofa. To da wa aka daidaita mu? Har yau dodo yana nan da ƙarfinsa, ko farce ba ku yanke masa ba.

Na biyu, kuma nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya: a makon da kuka raunana ɗan Adam, a makon ne kuka buɗe shagon canza jinsi da kuɗi. Ban ce kun haɗa baki ba. Amma ina so in ji wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci, da kuma ko shi ma da ɗan Adam yake buga wasan.

Yanzu ƙungiya ta kai bakin wani kogo da ba a shiga sai da babban mataki, ni kaɗai na rage a baya. Chinedu yaro ne mai ladabi, ya zo har gida ya durƙusa ya ce in koma dodo, shi zai biya. Na gode masa, na ƙi. Ba zan tsaya gaban jikata da koriyar fata da haƙora a waje ba. Hauwa kuma ta rantse in aka ajiye ni ita ma ta bar wasan, alhali a can makaranta ba ta da abokai sai waɗannan.

Roƙona shi ne ku mayar mana da saurin koyo. In ba zai yiwu ba, ku ba mu wata baiwar da za ta kai mu bakin kogo tare da kowa, kuma ku fito fili ku faɗi dalilinku. Chinedu ya yi alkawarin juya wannan takarda zuwa Turanci ya sa a dandalinku.

In Asabar ta zo ba ku gyara ba, zan ce wa Hauwa idona ne ke ciwo, su shiga ba ni. Ban taɓa yi mata ƙarya ba. Kada ku sa in fara da furfurata.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya albarkaci sana'arku, Ya nuna muku jikokinku.

Wassalam.

Naku,
Malam Garba, kakan Hauwa,
Kakuri, Kaduna.